Agogon baffa: yadda ɗan koyo ya ɓata shi cikin sati 3, ya tashe shi a wata na 7

Asalin maganar

Labarin wani abokina ne, ba zan kama suna ba, mu ce masa ɗan koyo kawai tunda shi ma haka yake kiran kansa har yanzu. Ma'aikacin ofis ne, amma irin mutanen nan ne da in fanka ta tsaya ko kwaɗo ya ƙi buɗuwa ba sa kiran kowa, sukudireba za su ɗauko su zauna a kai har sai abun ya yi. Da baffansa ya rasu sai aka ba shi agogon hannunsa, tsohon agogo ne ƙirar Siwizalan mai wani, ba ruwansa da batir, a fuskar an rubuta duwatsu 17 da kalmar Incabloc, wato yana da ɗan sifirin kariyar nan da ke hana tsinin balans karyewa in agogo ya faɗi. Ya yi shekaru a durowa ba wanda ya taɓa shi.

Bara in ɗan faɗi yadda cikin yake saboda abun da ke gaba ya fito fili. In ka murza kan wani, babban sifirin kake naɗewa cikin wata ƴar ganga, shi kuma yana son warwarewa, sai ƙarfinsa ya bi ta wili-wili masu haƙora guda 4 har ya kai kan wani ɗan ƙarfe mai kama da gwafa. Gwafar nan tana da duwatsu 2 a hannayenta, ita ke riƙe wilin ƙarshe tana sakinsa kaɗan-kaɗan, wanda ke ba ta umarni kuma shi ne balans, zoben nan da ke lilo gaba da baya, da wani siririn sifirin a jikinsa mai kama da gashi. A irin wannan agogon bugu 18,000 ne a awa, 5 a sakan, 432,000 a kwana ɗaya. Duwatsun kuma yaƙutu ne na masana'anta, a cikinsu tsinin kowane wili yake juyawa, tsinin balans ɗin wajen kashi ɗaya bisa goma na milimita ne ko ma ƙasa da haka.

Ciwon agogon a ranar da ya zo hannunsa: in an ba shi wani ya cika zai yi awa 5 ko 6 ya tsaya, a cikin awannin kuma yana jan ƙafa da kaman minti 3, in an ajiye shi a gefe ma wani lokaci nan take yake mutuwa sai an girgiza shi.

Satin farko: saiti da man keken ɗinki

Ya ɓamɓare murfin baya da wuƙa, ya bar ƙarzuwa biyu a jikin gidan da har yau suna nan. Abun da idonsa ya fara gani shi ne ɗan hannun saiti a saman balans da alamar ƙari da ta ragi, sai ya ce ai ga maganin nan, ya tura shi can ƙarshen ƙari. Washegari agogon ya ɗan rage jan ƙafa amma tsayawar tana nan yadda take, awa 6 ya mutu.

Sai ya ce toh mai ne babu. Ya ɗauko man keken ɗinki da allura, ya bi duk jan dutsen da ya gani ya ɗiga, har da saman balans da haƙoran wilin da ake iya hangowa. Gaskiya a daren ya ji daɗi, don agogon ya kwana yana aiki, karon farko kenan, man ya ɗan jiƙa tsohon da ya bushe ya zama kaman danƙo. Kwana 2 bayan nan kuma sai agogon ya haukace, yana gudu da wajen minti 10 a kowace awa, bugun ma ya canza ya koma wani sauri-sauri mara ƙarfi. Ya mai da hannun saiti can ƙarshen ragi, ko gezau.

Abun da ya faru, wanda a lokacin bai sani ba, man ne ya malala ya hau gashin balans, zagayen gashin suka manne da juna. Hannun saiti aikinsa ƙara tsawon gashin ko rage shi ɗan kaɗan, abun da bai wuce ƴan mintuna a kwana ba, shi kuwa gashi in ya manne kaman an yanke rabinsa ne, ba saitin da zai kamo wannan.

Sati na 2 da na 3: kwancewa

Nan ya yanke shawarar wanke injin gaba ɗaya. Ya sayo saitin ƙananan sukudireba marasa inganci da hantsaki da gilashin ido ɗaya, ya shimfiɗa farar takarda a tebur ya fara. Balans ya fita lafiya, wannan dai sa'a ce. Sai ya kwance gadar gwafa, wato ɗan farantin da ke riƙe ta daga sama, alhali babban sifirin a cike yake da wani, bai san ana fara sauke ƙarfin ba, wato ka riƙe kan wani ka ɗage ɗan birkin da ke tare gangar ka bar shi ya warware a hankali tsakanin yatsunka. Yana ɗaga gwafar ya ji "fiiiii", wilolin suka saki gudu ba abun da ke riƙe su, ya ce mun kaman sakan 2 ne kawai aka yi tsit. Da ya duba wilin ƙarshe sai ya ga yana rawa a wurinsa, tsinin sama ya tafi.

Na biyu, sukurun da ke riƙe ɗan wilin wani a saman gadar ganga. Ya murza hagu ya ƙi, ya ƙara ƙarfi ya ƙi, ya yi ta maza ya danna, kan sukurun ya ɓalle ya bar gindin a cikin rami. Wannan sukurun a agogo da yawa zarensa na hagu ne, dama ake murza shi ya kwance, wasu kamfanoni ma suna yi masa tsaga 3 a ka don mutum ya gane, nasa dai tsaga ɗaya ce. Kenan duk ƙarfin da yake sawa ɗaure shi yake ƙara yi.

Na uku shi ne wanda bai ma lissafa cikin ɓarna ba. Ya tattara komai da komai, har gwafa da balans, ya zuba a kwalba ya cika da alkohol ya bari ya kwana, da safe ya ga sun yi fes yana murna. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Akwai kuma ɗan sifirin birki da ya yi tsalle daga bakin hantsaki, ya ji ƙararsa a jikin labule, ya kwashe awa guda a durƙushe da fitilar waya, bai gan shi ba har yau. Ƙarshen sati na 3 lissafin shi ne: wili ɗaya ya karye, sukuru ɗaya ya maƙale, sifirin ɗaya ya ɓata, sukurori wajen 15 a haɗe wuri guda bai san na ina ne na ina ba don hoto 4 kacal ya ɗauka. Jikinsa ya yi sanyi, ya ce mun garin gyaran gira ya rasa ido.

Sati na 4: shiga cikin masu abun

A nan ne ya nemi masu wannan sha'awar ya shiga cikinsu, akwai ƴan koyo irinsa, akwai waɗanda suka yi shekaru suna yi don nishaɗi, akwai kuma ƴan tsirarun da sana'arsu ce. Ya gabatar da kansa da kunya-kunya ya nuna hotunan ɓarnar. Ya zaci dariya za a yi masa, an ɗan yi kam, amma dariyar ta "mu ma haka muka fara" ce, kusan kowa yana da labarin sukurun hagu da ya taɓa karyawa. Sai shawarwari suka yi ta zuwa har suka yi yawa, wannan ya ce sayi injin wanki, wancan ya ce maganaɗisu ne, wani ya ce ka kai wa gwani kawai ka huta.

Wani dattijo ne a cikinsu da ya daɗe yana sana'ar kafin ido ya fara ba shi matsala, shi bai ba da shawara ba tukuna, tambaya ya yi. "Ɗana, wane inji ne?" Ɗan koyo ya faɗi sunan da ke fuskar agogon. "A'a wannan sunan mai sayarwa ne, na ce inji. Duba farantin ƙasa daidai inda balans yake zama, akwai tambari da lamba." Ya duba, ga su nan kuwa ƙanana. Yawancin kamfanonin wancan zamanin sayen inji suke daga wasu masana'antu su sa sunansu a fuska, don haka da lambar injin ake neman kaya. Ya sa shi ya auna faɗin, ya samu wajen milimita 23.7, dattijon ya ce lin 10 da rabi kenan, lin wani tsohon ma'aunin Faransa ne da masu agogo ke amfani da shi har yau, ɗaya milimita 2.256 ne.

"Kafin ka buɗe, lilon balans nawa ne?" Bai san ma ana aunawa ba. "Da me ka wanke?" Ya ce alkohol. Dattijon ya ce "har da gwafa?" ya ce eh Baba, sai ya ce toh, bai ƙara komai a kai ba, ni ina ganin ya bar shi ne ya gano da kansa.

Ya kuma ja masa kunne kan fuskar da hannayen agogon, tunda tsoho ne kuma akwai ragowar fentin nan mai haske da dare da ya koma ruwan ƙasa. Har cikin shekarun 1960 ana sa radiyom a irin wannan fentin, hasken ya daɗe da mutuwa amma radiyom ɗin sai ya shekara wajen 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, don haka kar ya kankare, kar ya hura da baki, ya rufe su a leda daban ya wanke hannu.

Hukuncin da ya yanke masa: "ka zuba kayan agogon baffanka a akwati mai gida-gida ka rufe, kar ka sake taɓa shi sai na ce. Ka nemo wanda in ya mutu ba za ka yi kuka ba."

Wata na 2 da na 3: injin gwaji

Ya sayi ST36 na kamfanin Seagull, sabo mai aiki. Kwafin 6497 ne, injin agogon aljihu da Unitas ta fara yi tun shekarun 1950 daga baya ya koma hannun ETA, faɗinsa milimita 36.6, komai nasa manya ne, ba kwanan wata ba wani tarkace. Dalilin sayen mai aiki kuwa, in ka kwance ka haɗa ya ƙi tashi ka san laifinka ne, ba wani tsohon ciwo ba.

Kafin ya taɓa injin sai da ya yi kwana 3 yana wasa bakin sukudireba a dutse, kowanne ya cika tsagar sukurunsa daidai ba tare da ya taɓa ƙasan tsagar ba, hantsakin ma ya gyara bakinsa har yana iya ɗaukar gashi daga kan gilashi. Ya koyi riƙe hantsaki sakwa-sakwa, don matsewar ce ke sa abu tsalle. Ƙananan sifirin kuma cikin farar leda yake cire su, hannu da inji duk a ciki, in ya yi tsalle ledar ta tare.

Ya kuma sayi taimgirafa, na'urar da ke sauraron bugun agogo ta ba ka lamba 3: gudu ko jan ƙafa na sakan nawa a kwana, faɗin lilon balans a digiri, sai ɗingishi, wato bambancin da ke tsakanin "tik" da "tak" a milisakan. Ya auna injin kafin ya taɓa, lilo 285 a kwance. Ya kwance ya wanke ya sa mai ya haɗa, lilo ya dawo 215. Sabon inji lafiyayye, hannunsa kawai ya ci digiri 70. Ya ce wannan lambar ta fi duk faɗan da aka yi masa shiga jiki.

Matsalar mai ce. Ba mai ɗaya ake sawa ba, Moebius 9010 mai ruwa-ruwa na duwatsun balans da wiloli masu sauri, HP-1300 mai ɗan kauri na inda nauyi yake kaman wilin tsakiya da sandar ganga, 9415 na fuskar duwatsun gwafa, sai giris na kayan wani da saitin lokaci. Haƙoran wiloli ba a sa masu komai, tsinin gwafa ma a bushe ake barinsa. Yawan kuma, in kana ganin mai ya taru a ramin dutse toh ya yi yawa, ɗan zobe ne kawai zai kewaye tsinin. A dutsen murfi na balans, wato wanda ke rufe kan tsinin, ɗigon zai ci kaman rabi zuwa kashi 2 cikin 3 na faɗin dutsen, a tsakiya cif, in ya karkace a sake wankewa. Wannan kaɗai ya maimaita ya fi sau 20. A zagaye na 8 na kwancewa da haɗawa ya samu 280, na 9 da na 10 ma haka, lokacin dattijon ya ce ya ɗauko akwatin.

Wata na 4: komawa kan agogon baffa

Da lambar injin ya samo wani matacce irinsa sak don cire kaya, fuskarsa ta lalace da tsatsa a gefen kan wani amma wilolin lafiya. Daga nan ya ɗauki wilin ƙarshe da sifirin birki da sukurun hagu. Gindin sukurun da ya maƙale kuma alif ne ya fitar da shi, ya cire duk wani abun ƙarfe daga jikin gadar ya jiƙa ta a ruwan alif mai ɗumi, alif yana cin ƙarfe amma ba ya taɓa tagullar da aka yi gadar da ita, kwana 4 yana ɗumamawa yana dubawa, a na biyar ramin ya fito da zarensa lafiya lau.

Wanki wannan karon da nafta, irin man laita, kwalba 3 a jere, tagar ɗaki a buɗe. Kowane ramin dutse ya fiƙe tsinke ya murza a ciki har tsinken ya daina fitowa da baƙi, a nan ne ya ga ashe alkohol ɗin farko bai cire komai ba, tsohon man yana nan a daskare cikin ramukan. Da ya buɗe ganga ya ga babban sifirin ya gaji, an fito da shi amma ya ƙi buɗewa, ya tsaya a dunƙule, sai ya auna faɗi da kauri da tsawo ya sayo sabo. Kafin ya sa gwafa ya ba da wani kaɗan ya ga wilolin sun juya sumul har wilin ƙarshe ya ɗan dawo baya da ya tsaya, alamar hanya a buɗe take.

Ya sa gwafa, ya sa balans, agogon ya tashi da kansa. Ya kira ni a daren yana ihu. Da safe ya ɗora a taimgirafa: lilo yana yawo tsakanin 170 da 210, layin bugun da na'urar ke zanawa, ɗaya na "tik" ɗaya na "tak", da ya kamata ya fito a miƙe ya fito kaman an watsa yashi, ɗaya daga layukan biyu ya fi ɗayan hargitsewa, wani lokacin ma na'urar ta kasa karantawa.

Wata na 5: neman inda ciwon yake

Satin farko na watan nan a banza ya tafi, don ya koma halinsa na da, a zama ɗaya ya cire maganaɗisu ya sake wanke gashi ya sake mai ya taɓa saiti, in lamba ta motsa bai san wanne ya motsa ta ba. Dattijon ya ce ya samo littafi, abu ɗaya a rana, a rubuta lamba kafin da bayan.

Ga yadda littafin ya tafi. Maganaɗisu: ya kusanta injin da kamfas allurar ta ɗan motsa, ya bi da na'urar cirewa, gudun ya sauka da ƴan sakanni, yashin yana nan. Gashin balans: ya duba daga sama zagayen a rarrabe suke daidai, daga gefe a kwance yake ba ya taɓa komai, ba canji. Duwatsun balans sama da ƙasa: ya sake wankewa ya sake mai, lilo ya ƙaru da kaman 10, yashin yana nan. Ya zargi na'urar ma, tunda lissafin lilo ya dogara da wata kusurwa da kake shigar mata, tana zuwa a kan 52 alhali kowane inji da tasa, 6497 misali 44 ne. Sai aka koya masa dabara, ya ɗiga alama a hannun balans, ya ba da wani kaɗan-kaɗan har alamar ta riƙa juyowa a wuri ɗaya daga ɓangarorin biyu, lilo 180 kenan cif, sai ya gyara kusurwar har na'urar ta nuna 180. Bambancin da ya samu kaɗan ne, na'urar ba ta yi ƙarya ba.

Ya koma wa dattijon ya ce Baba na ƙure. Shi kuma ya ce "layi biyu ne ko? kowane layi dutse ɗaya ne na gwafa. Wanne ne mara lafiya? Kuma ka tuna me ka ce mun ka yi wa gwafar nan."

Ya sauke ƙarfin sifirin, ya ciro gwafar ya kifa ta ƙarƙashin gilashi mai ƙara girma sau 10. A bayan kowane dutse ya kamata a ga ɗan ɗigon shelak, wani ƙaro ne mai ruwan zuma da ke riƙe dutsen a tsagarsa. Na dutsen shiga, wanda haƙorin wili ke fara tararwa, saura ɗan kaɗan, na ɗayan, dutsen fita, babu ko alama, wanke tas. Ya sa bakin tsinke ya ɗan taɓa dutsen, sai ya ga ya motsa, motsin da ido tsirara ba zai gani ba. Alkohol yana narkar da shelak, kwanan da gwafar ta yi a kwalba tun sati na 3 shi ne yake biya a wata na 5. Ya duba ɗan dutsen da ke ƙasan balans tunda shi ma shelak ke riƙe shi, Allah ya taimaka wannan bai saki ba.

Hanya biyu ce, ko ya ɗumama gwafar ya sa sabon shelak ya daidaita zurfin dutsen, aikin da kuskuren kashi ɗaya bisa ɗari na milimita ke canza komai, ko ya ɗauko gwafar mataccen injin. Ya ɗauki ta biyu. Ya tsoma ta a nafta na ɗan lokaci, ya goge fuskar duwatsun da Rodico, wani abu mai kama da danƙo da masu agogo ke ɗauke datti da shi, ya sa, ya duba tana da ɗan wasan sama da ƙasa, ya ba da wani kaɗan ya taɓa ta da tsinke ya ga tana tsalle daga gefe zuwa gefe da ƙarfinta. Ya sa 9415 ɗan mitsitsi a dutsen fita ya bar haƙoran su ɗauka, ya ƙara sau 2. Layi ya fito a miƙe, lilo 262.

Wata na 6 da na 7: saiti da abun da ya rage

Ya bar shi ya yi kwana 2 yana aiki kafin ya taɓa saiti don mai ya zauna. Lambobin lilo bayan nan, da cikakken wani: fuska sama 270, fuska ƙasa 265, a tsaye tsakanin 230 da 240. Bayan awa 24 ba a ƙara wani ba, 225 a kwance. Yana kai awa 40 kafin ya tsaya. Sai a lokacin ya dawo da hannun saiti, ya zauna kusa da tsakiya, a hannu agogon yana gaba da sakan 10 zuwa 15 a kwana. Agogon da ake ba takardar shaidar COSC, hukumar gwajin agogo ta Siwizalan, ana neman ragin sakan 4 zuwa ƙarin 6 a kwana ne, wannan kuwa ba a taɓa yinsa don wancan matakin ba.

Ɗingishi ne ya tsaya a milisakan 1.6, ana son ƙasa da 1. A injinan zamani akwai hannun da ake turawa a gyara shi cikin minti ɗaya, nasa tsoho ne babu, sai an ciro balans an juya ɗan zoben da ke riƙe gashin a jikin sanda. Ya gwada a balans ɗin mataccen injin tukuna, sukudireba ta zame ta shiga cikin gashin ta lanƙwasa zagaye 2. Ya kalli abun ya kalli agogon baffa, ya mai da murfi ya rufe.

Me ya yi aiki, me bai yi ba

A ganina ciwon asali ƙarami ne, busasshen mai da gajiyayyen sifirin, wanki da mai da sabon sifirin sun ishe shi, aikin yini ɗaya ne a hannun wanda ya iya. Duk sauran watannin ɓarnar sati 3 ɗin farko ake biya. Tura hannun saiti bai yi ba saboda agogon ƙarfi ne ba ya kai wa balans, lokacin da yake ɓatawa alama ce kawai. Man keke ya ba shi daren farin ciki ɗaya ya ƙara masa ciwo na biyu. Cire maganaɗisu da sake wanke gashi ba laifi ba ne, masu sauƙi ne kuma ya dace a fara kawar da su, sai dai layin taimgirafa tun ranar farko yana nuna dutse ɗaya ne ke da matsala, karatun ne bai iya ba.

Abun da na fi ba muhimmanci shi ne wata biyun da ya yi a kan ST36, don a can ne lamba ta nuna masa hannunsa na rage digiri 70, ba don haka ba da ya haɗa agogon baffa da mai ya yi yawa ga kuma dutse na rawa, ciwo biyu a cakuɗe, ba littafin da zai raba masa su. Shiga cikin masu abun ma ta yi rana, amma shawara goma da aka ba shi a ranar farko ba wadda ta taɓa ainihin wurin, tambayoyi ukun dattijon ne suka yi aikin. Inda nake da ja da dattijon shi ne shirun da ya yi kan alkohol, ya sani tun sati na 4, da ya faɗa da an huta da wata guda na wahala. Na faɗa wa ɗan koyo haka, ya ce shi bai ga laifinsa ba, wai da an gaya masa da baki da yanzu ya manta, amma motsin dutsen nan a bakin tsinke har mafarkinsa yake yi.

Barin ɗingishin kuma ina ganin daidai ya yi, 1.6 ba ya hana agogon riƙe lokaci, illa dai in ya mutu gaba ɗaya wani lokacin sai an ɗan girgiza shi kafin ya tashi. Agogon yana hannunsa kullum yanzu. Lanƙwasasshen gashin mataccen injin kuma yana kan tebur ƙarƙashin kofin gilashi, da hantsaki biyu masu siririn baki a gefe, ya miƙe zagaye ɗaya saura ɗaya, tsohuwar gwafar ma tana nan a leda da ɗan ɓallin shelak da ya sayo bai buɗe ba tukuna.